Tsofaffin finafinan soja na barkwanci marasa magana: me masu tara su suke gani a ciki?

Na Fagge:
Salamu alaikum 'yan gida. Yau na zo da maganar da na san sai an ja ta. Ƙanina da ke karatu a Ingila ya zo hutu ya taho min da saƙon da na fi shekara biyu ina roƙonsa, fim ɗin ɗan wasan barkwancin Amurka Buster Keaton mai suna The General, amma ba a waya ko a faifai ba, ainihin zaren fim ne irin na Super 8, naɗi huɗu cikin kwalinsu, a kasuwar gwanjo ya samo. Tun jiya nake ɗaga zaren a hasken taga ina kallon 'yan hotunan ɗaya bayan ɗaya saboda majigin da zan haska shi bai iso ba tukuna. Uwargida ta ce na ɗauki kuɗin cefane na kai wa fim ɗin da ko magana ba a yi a cikinsa, kuma ga shi nan kyauta a YouTube. Ni a raina na san dalilina amma na kasa faɗa mata yadda za ta gamsu, shi ne na ce bari in kawo nan, musamman ku da kuka daɗe kuna tara irin waɗannan na soja.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Yaya ni dai ina bayan uwargida wallahi. In kallo ne ai ka kalla a waya, hoton ma ya fi fita. Sannan ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, ta yaya za a ɗauki yaƙi a mai da shi abin dariya? Mu da muka tashi a bariki mun san yadda gida yake zama in aka ce an tafi da su daji.

Ɗan Mai Majigi:
Na Fagge barka da arziki, Allah ya sa ka mora. Hajiya bari in fara da maganar YouTube ɗin kafin a zo kan yaƙi. Wannan da kike gani kyauta a waya ai daga hannun wani ya fito. A 2013 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da bincike a kan dogayen finafinai marasa magana da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929, kusan dubu goma sha ɗaya ne, kuma kashi 70 cikin ɗari sun ɓata gaba ɗaya, kashi 14 kacal suka rage a asalin zarensu na milimita 35. Dalili kuwa zaren wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, yana ruɓewa ya koma gari, yana kuma kamawa da wuta da kansa in zafi ya yi yawa, wutar da ko ruwa ba ya kashe ta. A 1937 rumbun kamfanin Fox da ke New Jersey ya ƙone da yawancin finafinansu na kafin zuwan magana. Wasu kamfanonin ma da hannunsu suka zubar da nasu ko suka narkar don su cire azurfar da ke jiki, tunda a ganinsu an fara fim mai magana wa zai ƙara biyan kuɗi ya kalli bebe. To da yawa daga abin da ya tsira a hannun mutane irin su Na Fagge ya tsira, ƙananan kwafi da aka sayar ko aka ba da haya don kallo a gida. Kamfanin Pathé na Faransa ya fito da zaren milimita 9.5 a 1922, Kodak ya fito da milimita 16 a 1923, milimita 8 a 1932, Super 8 kuma 1965, duk waɗannan ba sa kamawa da wuta kamar na silima shi ya sa suka daɗe a ɗakunan mutane.

Uwar Biyu:
To na ji wannan, amma shi wanda ya saya ai bai ɓata ba tunda ga shi ko'ina. Me nasa zai ƙara?

Na Fagge:
Gaskiya ne ƙanwata, nawa ba zai ceci komai ba, kwafi ne cikin dubbai. Amma riƙe shi a hannu daban ne. Kin san wurin da Keaton yake zaune a gaban kan jirgin ƙasa rungume da katakon layin dogo, ga wani katakon an gicciya a gabansa a kan layi, sai ya jefa na hannunsa a kan bakin wancan ya yi tsalle ya fita daga hanya? Jiya na nemo wurin a zaren na bi shi hoto bayan hoto, babu yanka babu dabara, mutum ne da gaske a gaban jirgi mai tafiya. A waya abin wucewa yake kamar walƙiya ka yi dariya ka manta, a nan kuwa sai da tsigar jikina ta tashi.

Tsohon Kofur:
'Yata Uwar Biyu, ni zan amsa miki maganar dariya da yaƙi domin na sa kaki na kuma kwana a rami. Ba wanda ya kai soja barkwanci. In ba ka yi dariya a can ba zuciyarka ce za ta fashe. Jikana ne ya fara nuna min fim ɗin Charlie Chaplin ɗin nan Shoulder Arms a wayarsa, wallahi na yi dariya har hawaye, kuma hawayen ba duka na dariya ba ne. Wurin da aka kawo wasiƙu kowa ya samu shi bai samu ba, sai ya laɓaɓa bayan wani yana karanta tasa ta kan kafaɗarsa, in mai wasiƙar ya yi murmushi shi ma ya yi, in ya ɓata rai shi ma ya ɓata. Wannan ni na gan shi da idona, akwai yaron da muke tare da shi da ba mai rubuto masa, haka yake zama kusa da mu in ana karanta ta gida. Da wurin da ruwa ya cika ramin kwanansu ya kwanta a cikin ruwan ya sa ƙahon garmaho a baki yana numfashi. Da fareti, ƙafafunsa sun ƙi miƙewa saje yana ta ihu. Wanda ya yi wannan fim bai raina soja ba, kurtu yake tausaya wa.

Uwar Biyu:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban kalle shi ba gaskiya, zan nema. Mahaifinmu ma haka yake in abokansa suka zo, labarin wahala ne amma suna ta ƙyaƙyata dariya mu muna mamaki.

Malamin Tarihi:
Baba Kofur ya taɓo inda ya kamata. Ku duba lokacin da fim ɗin ya fito, Oktoba 1918, saura kamar sati uku a tsagaita wutar yaƙin duniya na farko ranar 11 ga Nuwamba, wato ana cikin mutuwa aka haska shi, masu kallo da yawa 'ya'yansu suna Faransa. Shi kansa Chaplin ɗan Ingila ne da ke zaune a Amurka, jaridu sun yi ta zaginsa cewa ya ƙi zuwa yaƙi, kuma na kusa da shi sun ja masa kunne cewa ba lokacin wasa da yaƙi ba ne, amma da ya fito sai ya zama cikin waɗanda suka fi karɓuwa a finafinansa har lokacin, sojoji ma suka fi kowa sonsa. Yayansa Sydney ne ya fito a matsayin abokin raminsa kuma shi ne ya sake fitowa a Kaiser sarkin Jamus. A ƙarshe duk jarumtar, shigar da ya yi cikin kututturen bishiya ya je bayan abokan gaba, kama Jamusawa goma sha uku shi kaɗai, kama Kaiser, ashe mafarki ne yake yi a sansanin horo. Kuma kar mu ɗauka yaƙin nan na Turawa ne kawai, kakanninmu na rundunar Afirka ta Yamma sun yi shi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916 sannan aka kwashe su zuwa Afirka ta Gabas. Su dai ba wanda ya yi musu fim.

Baƙon Jamus:
Malam tunda an zo kan Shoulder Arms bari in ba Hajiya amsar da ta fi ƙarfi a kan me kwafin mutum ɗaya zai ƙara. Wanda yawancin mutane suka sani ba shi ne ainihin wanda aka gani a 1918 ba. A zamanin ana ɗaukar kowane wuri sau da yawa kuma da kyamara fiye da ɗaya don a samu na aikawa ƙasashen waje, to asalin na farkon ya sha wanki har ya lalace, da aka zo sake haɗa fim ɗin daga baya sai aka yi amfani da wasu ɗaukar da aka ajiye, shi ne ya shiga cikin The Chaplin Revue a 1959 da kiɗan da Chaplin ya tsara, har an maimaita wasu hotunan don ya dace da gudun majigin zamanin magana mai hoto 24 a daƙiƙa, shi ya sa motsin yake ɗan ja kamar ana riƙe shi. Saboda haka in wani ya ce yana da tsohon kwafi da aka buga tun kafin wannan, masu tarawa rububinsa suke, don za ka ga Chaplin ya yi abu ɗaya amma ta wata fuska daban. Wannan shi ne ciwon masu tara fim, ba sunan fim suke bi ba, wane kwafi ne, daga ina aka wanko shi, katunan rubutun da ke ciki na asali ne ko an sake su, an rina shi da launin shuɗi na dare ko fari da baƙi ne zalla.

Ɗan Kurmi:
Ni fa ɗan kasuwa ne ku gaya min gaskiya, akwai riba a ciki ko sha'awa ce kawai?

Baƙon Jamus:
Alhaji in riba kake nema kar ka sayi zare. Irin na Na Fagge kamfanoni kamar Blackhawk na jihar Iowa sun buga su da yawa sun sayar ta gidan waya, suna nan birjik. Inda kuɗi yake shi ne takarda, fasta ta asali mai inci 27 da 41, da ƙananan katunan da ake kafewa a ƙofar silima masu inci 11 da 14, saboda su ba don ajiya aka yi su ba, ana gama haska fim ake yagewa ko a mayar, kaɗan ne suka rage. Amma na jabu sun yi yawa ƙwarai, in ba ka san takardar zamanin da irin bugunta ba za a sayar maka da hoton jiya an jiƙa shi da shayi.

Ɗalibar Jos:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku daɗin hira. Ina son The General ƙwarai, mun kalle shi a aji, amma ba wanda ya faɗi wane ɓangare jarumin yake. Yaƙin basasar Amurka ne, kuma Johnnie Gray direban jirgin 'yan Kudu ne, masu yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙar fata. Abin da ya faru da gaske a Afrilun 1862, 'yan Arewa ne ƙarƙashin James Andrews suka sace kan jirgin a jihar Georgia, littafin da aka ɗauko labarin ma ɗaya daga cikinsu ne ya rubuta, William Pittenger, an kuma rataye Andrews da wasu mutanensa bakwai. Keaton ya juya labarin ya mai da masu bin sawu su ne jarumai, fim ɗin ya ƙare ba a ko ambaci bauta ba. Ni baƙar fata in zauna ina tafa wa mai kakin Kudu, akwai abin da yake tsaya min a wuya.

Na Fagge:
Ƙanwata ban musa ba. Amma ni abin da na gani, shi Johnnie ba ruwansa da aƙidar kowa, jirginsa da budurwarsa aka sace ya bi. Soja ma ƙin ɗaukarsa aka yi saboda ya fi amfani a matsayin direba kuma ba wanda ya gaya masa dalili.

Ɗalibar Jos:
Ai Yaya wannan ɗin shi ne matsalar, an wanke ɓangaren an mai da shi labarin soyayya da jirgi. Ban ce a daina kallo ba, ni ma zan sake kallo gobe, cewa nake in ka haska wa yaranka ka gaya musu su waye masu kakin toka. Haka Two Arabian Knights na 1927, sojojin Amurka biyu da suka gudu daga sansanin fursunonin Jamus, yadda aka nuna Larabawa da Musulmi a ciki abin takaici ne, duk da shi ne ya ba Lewis Milestone kyautar Oscar ta daraktan barkwanci a bikin farko na 1929, kyautar da ba a sake bayarwa ba daga shekarar.

Malamin Tarihi:
Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, kuma wannan ma dalili ne na ajiye su, don in sun ɓata ba mu da hujjar nuna yadda ake kallonmu a lokacin. Shi Two Arabian Knights ɗin shekaru da dama ana zaton ya ɓata, sai a cikin kayan Howard Hughes wanda ya ɗauki nauyinsa aka same shi, jami'ar Nevada da ke Las Vegas ta sa aka gyara. Now We're in the Air na Wallace Beery da Raymond Hatton, 1927, har da Louise Brooks a ciki, shi kuma minti ashirin da 'yan kai kawai aka tsinta a rumbun finafinai na Prague a 2016, sauran babu. Beery da Hatton ɗin nan sun yi jerin na soja bayan Behind the Front ya samu kasuwa a 1926, na ƙasa, na ruwa, na sama. A shekarar dai Harry Langdon ya yi Soldier Man, sojan da aka gama yaƙi ba wanda ya gaya masa yana ta yawo a fili shi kaɗai. Shekara takwas bayan yaƙi mutane sun fara iya dariya a kansa sosai, kamfanoni suka yi ta fitarwa.

Ɗan Mai Majigi:
Malam ka tuna min. Keaton ɗin ma ai ya je Faransa a 1918 da kaki, can ya samu ciwon kunnen da ya rage masa ji. Kuma The General bai yi kasuwa ba da ya fito, ga uban kuɗin da ya ci, wurin da gada ta karye da jirgi na gaske a kusa da Cottage Grove a jihar Oregon an ce dala 42,000 ya ci shi kaɗai, ɓaraguzan jirgin suka zauna a kogin har yaƙin duniya na biyu kafin 'yan gwangwan su kwashe. Bayan shekara biyu da fitowar fim ɗin Keaton ya rasa kamfaninsa ya koma ƙarƙashin kamfanin MGM. Wasu finafinansa ma a tsohon gidansa aka tsince su bayan ɗan wasan fim James Mason ya sayi gidan. Yau ga The General ɗin yana cikin guda 25 na farko da Amurka ta sa a rajistar finafinan da za a adana a 1989.

Tsohon Kofur:
Ku kuna ta Amurka. Ni tambayata ina namu? Samanja Mazan Fama fa? Marigayi Usman Baba Pategi, Allah ya jiƙansa, shi ma tsohon soja ne shi ya sa Hausar barikin ta zauna a bakinsa, duk abin da Chaplin ya yi da ƙafa shi ya yi da harshe. In ana sa shi bariki tsit take yi. Ya rasu a 2023, yau in jikana ya ce in nuna masa sai 'yan guntaye marasa kyan hoto. Wa ya tara mana su?

Ɗalibar Jos:
Baba wannan ita ce tambayar. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, shekaru ana cewa ya ɓata, sai a 2016 aka tsinci gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara aka haska a bikin finafinan Berlin a 2018. Akwai rumbun adana fim na ƙasa a nan Jos. Duk wanda yake da tsohon kaset na bidiyo da mahaifinsa ya naɗa daga talabijin don Allah kar ya zubar, ko ya yi fumfuna akwai yadda ake yi.

Uwar Biyu:
Kai, akwai kwali guda na kaset a ɗakin Mama tun na mahaifinmu, har mun ce za a ba 'yan jari bola. Bari in kira ƙanina yanzu kar ya taɓa. Ban san me ke ciki ba amma na san yana yawan naɗar wasannin Kaduna.

Ɗan Mai Majigi:
Hajiya kar a saka su a na'ura tukuna, in zaren ya manne zai tsinke. Na Fagge kai kuma tambaya ɗaya mai muhimmanci, da ka buɗe kwalin ka ji wani wari?

Na Fagge:
Uku ba komai, amma na huɗun yana ɗan tsami-tsami kamar ruwan khal. Na ɗauka warin tsufa ne.

Ɗan Mai Majigi:
Subhanallahi, raba shi da sauran yau ɗin nan. Asitet, wato sinadarin da aka yi zaren da shi, shi ne ya fara ruɓewa, tsamin da yake fitarwa shi ke ƙara cin sa kuma yana kama na kusa da shi, daga nan sai ya motse ya kanannaɗe har haƙoran majigi su kasa kama ramukansa. Ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu da sanyi da bushewa, zafin Kano da damina kuwa su ne abokan gabansa. Haka na rasa rabin abin da mahaifina ya bari, na rufe su a akwatin ƙarfe a ɗaki mai kwano ina ganin adana su nake yi, da na buɗe bayan shekaru sai kuka. Cire shi daga leda, ka bar shi ya sha iska a inuwa, ka nemi ɗaki mafi sanyi a gidan ka ajiye shi a kwance ba a tsaye ba, nesa da bango mai danshi. In majigin ya iso kar ka fara da shi, kawo min in duba ko ya motse, in bai yi nisa ba mu haska shi sau ɗaya mu ɗauka da kyamara.

Na Fagge:
Na huɗun kuwa shi ne mai karyewar gadar. Na cire shi yanzu na kai ɗakin Inna na ƙasa, ya fi ko'ina sanyi. Asabar in sha Allahu zan shigo da shi bayan la'asar.

Tsohon Kofur:
In za ku haska ku gaya min, jikana zai kawo ni. Ku nemo min da na Chaplin ɗin, ina son in ga wurin wasiƙar nan a jikin bango ba a waya ba.